Babban Yatsan Dogo

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma abin da na gani masu digiri ba su gan shi ba. Mota ta kife da mu, mu goma sha ɗaya, ni kaɗai na fito da ƙafata. Saboda haka ranar da ɗana Dogo ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya karye, ban tsaya kuka ba. Na ce wa matarsa ta share hawaye mu san abin yi.

Dogo daga gida yake yi wa wani kamfanin jigilar kaya aiki, yana tsara wace mota za ta bi wace hanya. Manhajar aikin tana can ofis. Ta wata ɓoyayyiyar ƙofa ake shiga daga kwamfutarsa, VPN suke ce mata, kuma ba ta buɗewa sai ya dangwala babban yatsansa a waya. Katin asibitinsa na kamfanin ne. In aikin ya tafi, gashin ƙashi da magani sun tafi.

Dabarar tawa ce, kowa ya sani. Surukata ta daɗe tana kallonsa yana aiki, sai na ce ta zauna a kujerarsa. Kullum ƙarfe takwas in kama hannunsa, in miƙe yatsan da ya ƙanƙame, in ɗora a waya. Alama ta koma kore, ta shiga da sunansa. In an kira, ta rubuta cewa layi ba kyau. Wata biyar muka yi haka.

Sai aka aiko daga ofis a kawo kwamfutar a sabunta makullinta. Surukata ta ce, "Baba, don Allah ka miƙa kawai ka dawo. Ban da hira."

"Ni za ki koya wa riƙe baki, 'yar nan?"

Mai kula da na'urorin ofishin ya ba ni kujera da ruwan sanyi. Ya ce, "Baba, ina mutumin?"

"Mura ce."

Yana danne-danne ya ce, "Kai, ɗanka ya gyaru. Da har masifa manaja ke yi masa. Yanzu wata biyar ko kuskure ɗaya babu."

Raina ya yi fari ƙal. Na ce, "Ai gidana ba rago. Yarinyar nan sati biyu ta koye aikin tsaf, tana goyo tana yi!"

Hannunsa ya tsaya. "Wace yarinya, Baba?"

Na shiga zancen motar da ta kife. Ya saurara har ƙarshe, ya saka kwamfutar a jaka, ya rako ni bakin ƙofa. Yaro mai ladabi.

Washegari na ɗora yatsan sau shida, alama ja. Surukata ta dube ni, na ce layi ne. Ta rufe kwamfutar ta ɗauki ɗanta.

Ranar Alhamis muka kai Dogo asibiti gashin ƙashi. Ma'aikaciyar ta duba katin a na'ura, ta sake dubawa, ta turo mana shi ta ƙasan gilashi, wai an soke shi. Keken guragun ma na masu kati ne, aka karɓe.

Na durƙusa na ce a ɗora mini shi. Bene hawa uku na sauko da shi a baya, ni mai shekara saba'in da huɗu, ban tsaya hutawa ba ko sau ɗaya. Masu gadi har suna yi mini sannu. Sai da muka iso titi na lura ba ƙarfina ba ne. Yaron ba shi da nauyi ko kaɗan.