Ɗaki Mai Lamba Sha Bakwai

Zouera tana tankaɗe wani ma'aikacin hukuma ya ƙwanƙwasa ƙyaure da gindin alƙalami. Ya dubi lambar da soja suka rubuta da farin fenti a saman ƙofa, sha bakwai, sannan ya buɗe rajista.

"Nan ne gidan kaporal Hamissou Issa?"

"Nan ne gidan mijina Tsoho, Allah ya ji ƙansa. Hamissou wansa ne, yana Yekuwa."

Ya bi layin da yatsa har ƙasa. "Inna, ni ba ni da Tsoho a nan."

*

Tsohon Bariki layi uku ne na ɗakunan siminti a bakin garin Magaria. Da aka mayar da soja sabon sansani, sai aka bar waɗanda suka ajiye kaki da matan mamata. Filin fareti ya koma turken awaki. A ɗakin bindigogi aka kafa injin niƙa. Shekara talatin ba mai takarda, sai bana aka ce za a mallaka wa kowane soja da ke cikin rajista ɗakinsa, ko magadansa.

Abin da Zouera ta sani, duk Yekuwa an sani. Shekarar da aka zo ɗibar soja, Hamissou kaɗai ke da takardar haihuwa, don shi aka taɓa sawa a lakwal, makarantar boko. Amma shi ne babba, shi ke riƙe da gona. Ubansu ya miƙa wa Tsoho takardar ya ce ya tafi. Shekara ashirin da biyu Tsoho yana amsa sunan wansa a fareti. Aurensa da Zouera a ƙofar liman aka ɗaura, ba a rubuta a ofishin hukuma ba. 'Ya'yansu uku duk sun koma tun kafin yaye.

*

Ta hau kabu-kabu zuwa Yekuwa. Ta tarar da Hamissou a rumfa yana ɓarar gyaɗa.

"Yaya, ka zo ka faɗa musu. Magana ɗaya ce: ba kai ne sojan ba."

"In faɗa da bakina cewa mun yi wa hukuma ƙarya? Su ɗaure ni da furfurata?"

"To ka karɓa ka bar ni a ciki."

Ya hure ɓawon da ke tafin hannunsa. "Zouera, sunan nan da ya sha rana yana gadi, na wa ne?"

"Sunan ne ya sha rana? Yaya, kai da ko kurciya ba ka taɓa harbi ba?"

Bai yi dariya ba. Wata sabuwar mota tana tsaye a bayan danga, ta wani ɗan kasuwa da ya riga ya sayi ɗaki huɗu a layinsu. Ta gane ta.

*

Ranar rabon takardu Hamissou ya zo da hular sojan Tsoho, wadda ita ta ba shi ranar sadakar arba'in. Hular ta yi masa yawa. Aka kira suna, ya miƙe, ya sara da hannun hagu.

Tsofaffin soja bakwai ne a kan benci, duk sun yi aiki da Tsoho. Zouera ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sa ido a takalminsa. Biyu daga cikinsu, ta sani, su ma ba sunan yankansu za a kira ba.

Aka ba ta kwana goma ta bar ɗakin.

Turmi, tabarma da akwati ɗaya suka cika amalanke. Ta koma ciki ta sauke hoton Tsoho daga bango, yana cikin kaki, ya ɗaga haɓa. Hamissou, da ke tsaye a ƙofa, ya karɓi hoton ya duba bayansa. Akwai hatimi, akwai sunan Hamissou da rubutun biro.

"Wannan ki bar shi," ya ce. "Mai saye ya ce a haɗa da takardu."

Ta tsaya ta dubi bangon. Ƙusa ce ta rage, da wurin da hayaƙi bai taɓa ba.