Ƙafafun Malam Labaran

Sista Kubra ta yaye bargon ta kama ƙafar Malam Labaran. Ita dai in aka kawo mai ciwon suga, daga ƙafa take fara dubawa, komai daɗin bakinsa. Farce a yanke tsaf, tsakanin yatsu a bushe, diddige ya sha mai. Tsohon da ba ya gani ba zai yi wa kansa wannan ba.

"Baba, wa ke kula da kai a gida?"

"Hussaina mana, matata. Ita ke min komai."

Hankalin Kubra ya kwanta. Likita ya ce ba sallama sai an sami mai yi masa allura kullum, in ba haka ba ciwon zai kayar da shi a ɗaki babu mai gani. Ta buga wa ɗansa waya a Kaduna, ta ce a turo Hussaina ta koya mata.



"Sista, Mama ta rasu tun rikicin Jos. Ko gawarta ba mu gani ba. Baba shi kaɗai yake a unguwar Congo-Russia."

Kubra ta koma ta sake shafa diddigen. Man na kwanan nan ne. Tsoro ya kama ta sosai.

Lokacin ziyara wata dattijuwa ta shigo da kular abinci, da gicciye a wuyanta. Tsohon ya juyo tun daga jin takunta.

"Hussaina, kin zo?"

"Na zo, Malam."

Kubra ta ja ta baranda. "Mama, don Allah ke wace ce?"

"Sunana Ana. Daga Anguwan Rukuba nake zuwa." Ta sunkuyar da kai. "Ranar rikicin nan Hussaina ce ta ɓoye ni a ɗakinta, ta yafa min mayafinta, ta raka ni bakin titi. Ni na tsallaka. Ita ba ta koma gida ba. Da idonsa ya mutu na je gaisuwa, ya ji takuna, ya kira sunanta. Na kasa ce masa ba ita ba ne."

Kubra ta daɗe tana kallon hannuwan matar. Suka koma bakin gadon. Kubra ta fasa sabon sirinji, ta ɗaga muryarta yadda tsohon zai ji.

"Mama Hussaina, riƙe nan. Ga yadda ake yi."