Sansanin Wata

A ƙauyenmu Ƙofa, idan wata ya yi sansani, wato haske ya kewaye shi kamar zobe, kakana Malam Labaran ake tambaya. Sai ya ɗaga kai ya ce ruwa na tafe, mutane su fito da iri su yi binne, su zuba gero cikin busasshiyar ƙasa ya jira damina. Tun tasowata ban ji ya kuskure ba.

Bana kuwa sai ya riƙa ganin sansani kusan kullum. Bayan magariba mukan zauna bisa tabarma a ƙofar gida, ni na dawo daga acaɓa a Kusada, shi yana jan carbi.

"Abdurrahim, ka ga ikon Allah? Yau har da kore da ja, kamar bakan gizo."

Na duba. Wata ne fari tas, shi kaɗai.

"Tsoho, ni dai ban ga komi ba."

"Ina za ka gani? Idonka ya ƙare a waya."

Wasu suka bi maganarsa suka yi binne. Ruwa bai zo ba, gara ta cinye irin. Ba wanda ya ce mashi uffan, don girmansa.

Wata yamma na kunna fitilar babur ina neman makulli, sai ya yi dariya ya ce fitilar ma ta yi sansani. A lokacin kakata Tani ta fito da kwanon tuwo, ta tsaya gefensa har hannunta ya gaji. Bai juyo ba.

"Malam, tsufana ya kai ka daina ganina?"

Ya zabura. A nan na gane sam bai gan ta ba.

Da ƙyar ya yarda na ɗauke shi zuwa asibiti a Kankia. A hanya ya riƙe rigata, yana magana a hankali kamar mai mafarki. Ya ce kwanan nan duniya ta koma mashi kamar yana kallonta daga cikin rijiya: sama na nan, shuɗiya, mai kyau, amma gefe duk duhu.

Ma'aikaciyar ido, wata mai suna Kamila, ta ɗiga mashi magani, ta auna, ta haska. Ta ce hawan jinin ido ne. Ruwan cikin idon ba ya fita yadda ya kamata, yana danne jijiyar gani sannu sannu, daga gefe yake fara ci.

"Baba, abin da ya tafi ba ya dawowa. Wanda ya rage muke so mu tsare. Wannan maganin za a riƙa ɗiga maka safe da yamma, ba fashi, ko ka ji garau. Kuma 'ya'yanka su zo a duba su, yana bin jini."

"To sansanin fa, 'yata?"

"Ciwon ne ke zana maka shi. In Allah ya so zai tafi."

Da muka koma gida ya tura kwalbar ƙarƙashin tabarma. Ya ce a bar shi tukuna, bai taɓa ganin wata da ado irin wannan ba. Tani ce ta zo ta durƙusa daidai gabansa, inda yake iya ganinta.

"Kalle ni da kyau, Malam, tunda ka zaɓi zobe. Baɗi sai dai ka ji muryata."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya lalubo kwalbar ya miƙo mani, ya kwantar da kai bisa cinyata.

"Ɗiga, ɗan acaɓa. Kada ka tsiyaye mani ido da hannun nan naka mai baƙin mai."

Tun daga nan ba na fita sai na ɗiga mashi, kuma ina dawowa kafin magariba. Zoben ya dushe, ya tafi. Ya daina maganar ruwa.

Rannan muna zaune, iska mai sanyi ta taso daga gabas. Na ɗaga kai, sai ga wata da zobe fari, siriri, ya kewaye shi. Tsoho ma yana kallon sama, carbi ya tsaya a hannunsa.

"Abdurrahim," ya ce a hankali, "kai ma kana gani?"

"Ina gani, Tsoho."

Ya juya kansa gaba ɗaya, ya nemo Tani a bakin zaure.

"Fito da irin nan."