Awon Jini a Kemis ɗin Habila

Tun ranar Litinin da Habila ya ɗaura masa abin awon jini a dantse, Malam Mati mai wankin hula bai sake samun natsuwa ba. Habila Kirista ne, mutumin Malumfashi, kemis ɗinsa na jingine da rumfar Mati a Ƙofar Kaura shekara da shekaru. Da can in ya gama awo, cewa yake, "Rage gishiri, tsoho," ya sallame shi. Rannan kuwa sai ya tsura masa ido, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Ba komai."

Mati ya san irin wannan ba komai ɗin. Shi ma ya sha faɗa wa mai hular da ta zuba a wanki.

Washegari Habila ya tako rumfa da kansa, ya zauna kan benci. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya mutanen Batagarawa, har akuyar da aka sayar bara sai da ya tambaya. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, ya rufe, ya tashi. A garin nan ba a jan gaisuwa haka a tafi ba a faɗi abin da ya kawo mutum ba, sai in mugun labari ya ɗauko ya kasa saukewa. Da yamma kuma ga shi da kankana. Habila, wanda ko ledar magani sai ka roƙa!

Mati ya daina cin tsire. Ya fara lallaɓa matarsa Ramla, har ita ma ta soma zarginsa.

Ran Asabar Habila ya dawo, ya ce murya ƙasa-ƙasa, "Malam Mati, kana tunanin ranar da za mu tsaya gaban Allah kuwa?"

Mati ya ajiye burushi. "Dakta, hwaɗa mani gaskiya. Mi injin nan ya nuna? Zuciya ce ko ƙoda?"

Habila ya dafe kai. "Jininka lafiya lau, ya fi nawa ma." Sannan ya zayyana masa: faston cocinsu ne ya yi wa'azi ran Lahadi, cewa a Ranar Shari'a duk wanda ya zauna da maƙwabci bai taɓa yi masa bishara ba, a hannunsa za a nemi jinin maƙwabcin. "Tun rannan ban barci. In na buɗe baki, ka san halin gari, a ce na zo da fitina. In na yi shiru kuma, ga Mai Sama."

"Au! Ashe kanka kake ceto, ni kuwa na bar tsire."

"Har da kai mana."

"To hwaɗi, ka huta."

Habila ya waiga hagu da dama, ya yi bayanin Yesu Almasihu cikin sauri, gumi na tsattsafo masa. Mati ya saurara har ƙarshe.

"Na ji, ban karɓa ba, ina nan kan addinina. Amma in an tambaye ni can, zan ce ka hwaɗa."

Habila ya koma kemis fuska a sake. Mati ya bi shi da kallo. Wai jininsa ya fi na Habila ma. Mutumin da ya iya ƙunshe wa'azi a ciki tun Lahadi, ɓoye sakamakon awo zai gagare shi? Ana idar da La'asar ya tare ɗan acaɓa, ya ce a kai shi wani kemis a Ƙofar Durɓi, inda ba a san shi ba.