Ledar Jinin Nadra

Tun Nadra tana goye ake mata ƙarin jini duk wata a asibitin garin Tanta. Dokar wurin ɗaya ce: kafin a ba ka ledar jini, sai ka kawo wanda zai ba da nasa a madadi. Wannan watan ba ta kawo kowa ba.

Wani littafi ne ya ja mata, labarin wani mai shan jini da ba ya mutuwa. Yadda marubucin ya siffanta yunwarsa ya tsaya mata a rai. Yunwa ce da burodi da wake ba sa kashewa, irin wadda take ji a ƙashinta idan wata ya ƙarato, wadda ba likitan da ya taɓa faɗarta daidai haka. Ta so littafin, ta kuma tsane shi, domin tun da ta karanta ta fara tsintar kanta tana leƙen jijiyoyin hannun maƙwabta. Kunya ta hana ta roƙon kowa.

Tana zaune a bencin asibitin, leɓɓanta fari fat, sai ga Girgis mai gashin burodin layinsu, da garin fulawa har a gira.

"Ke 'yar nan, wata ya zagayo kika yi gum? Sai da matata ta ga fuskarki jiya!"

"Kawu, na gaji da shan jinin mutane." Ta miƙa masa littafin. "Ni ce wannan."

Ya juya bangon, ya ga haƙora, ya taɓe baki. "Wannan mummunan? Shi kawo masa ake yi?"

"A'a, farauta yake."

"To ni da ƙafata na zo. Matsa, kafin tsoro ya mai da ni gida."

Ƙaton mutum, amma da ya ga allura sai ya runtse ido yana kiran uwarsa. Ya fito yana layi, yana ihun a sayo masa ruwan rake.

Ledar da aka rataya wa Nadra ba tasa ba ce, tasa ta wani ce can gaba. Wannan lamba kawai gare ta, babu suna. Ta ajiye littafin ta zuba wa robar ido, mamaki ya cika ta. Wani da bai san ta ba ya bar aikinsa, ya nannaɗe hannun riga, ga jininsa yanzu yana gangarowa cikin hannunta a hankali.