Ganye a Bakin Titi

Tun da aka yi sabuwar hanya ta bayan gari, tsakiyar Mpatsa ta zama abin tausayi. Motoci suka koma can, masu saye suka bi su, aka bar Nachisale da shagon atamfarta da ƙudaje. Ɗanta Yamikani ya gaji da lallashi, ya zo takanas daga birni don ta rufe shagon ta bi shi. Ita kuwa a shagon nan ta yaye shi, a nan take son ta tsufa. Da ƙyar ya yarda ya jira Asabar ɗin da hukumar gari ta sa: za a hana motoci shiga babban titi, a baje kaya, a yi kiɗa, ko mutane za su dawo. In ranar ba ta yi kyau ba, magana ta ƙare.

Ranar Asabar ta yi sammako, ta rataye atamfofi har bakin kwata. Masu suyar mandasi, wato fanken ƙasar, suka hura wuta, masu busasshen kifi suka shimfiɗa buhu, maƙwabcinta Che Jafali tela ya jawo kekensa waje. Hantsi ya dubi ludayi, ko ƙyalle ba ta sayar ba.

Ba wai babu mutane ba. Suna zuwa, amma da sun iso bakin titi sai masu keken haya su sauka su tura, maza su cire hula, kowa ya wuce kai a sunkuye. Masu kiɗan ma wani tsoho ya je ya raɗa musu magana, suka yi tsit.

"Che Jafali, ko idona ne? Me ya sami mutanen nan?"

"Ni ma tun ɗazu nake kallon ikon Allah. Ko tayi babu mai yi."

Yamikani na ciki yana latsa waya. Ta gyara ɗaurin zane ta nufi bakin titi.

Ɗanyun rassan itace ne jere a kan kwalta. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ma'anarsu: an yi rasuwa a unguwa, a wuce da ladabi. Gefe guda ga Bambo Kamwendo, jami'in hukuma, yana sharce gumi cikin kwat.

"Wa ya zuba wannan?"

"Shingen ƙarfen da za a tare motoci da shi ne bai iso ba, Mama, sai na sa aka saro reshe. Ai ga shi motoci sun tsaya."

"Sun tsaya kam. Kai ɗan nan, ba a garin nan aka yanke maka cibiya ba?"

A nan aka yanke ta, amma yawan taro a otal ya wanke masa kai tas. Nachisale ta shiga jan rassan da hannunta tana haki. A banza. Labari ya riga ya kai ƙauyuka, motocin 'yan cin kasuwa duk sun juya sabuwar hanya.

Da ta koma, ta tarar da shagonta cike da mata zaune a ƙasa, wata da kwanon garin masara, wata da damin itace. Sun ga ganye, sun ji ɗanta ya zo daga birni bagatatan, sai suka haɗa zance. Babbarsu ta kama hannunta.

"Nachisale, sai haƙuri. Wa muka rasa?"

Ta buɗe baki za ta ce babu kowa. Sai ta hango Yamikani a waje, ya soma sauke atamfofi yana ninkewa. Ta zauna a tsakiyarsu ta fashe da kuka, matan suka taya ta.