Ranar da Ladan Ya Saɓi Haladu Tozo

A shekarun da Zamfara ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, 'yan kwana-kwanan Ƙaura Namoda su bakwai ne kacal, da jar mota ɗaya, da tsani, da tiyo, da bokitan yashi. Cikinsu akwai Ladan, mutumin Badarawa, dogo siriri, mai bakin ba'a. Ba rago ba ne. Ranar da wuta ta kama rumfunan kasuwar hatsi shi ya fara kutsawa da tiyo, har gashin girarsa ya babbake. Abu ɗaya ya tsana a duniya, shi ne atisayen safe.

Shugabansu Oga Hyginus ne, ɗan wani tsohon ma'aikacin reluwe. A barikin tasha aka haife shi, don haka Hausarsa ta Zamfara ce tsantsa, har da habaici. Da ya dawo daga kwas a Legas sai ya zo da sabuwar doka: kowace safiya kowa ya saɓa buhun yashi a kafaɗa, ya hau tsani har rufin gareji, ya sauko, sau biyar.

"Wanda hayaƙi ya sumar ba shi tafiya da ƙafa tai," in ji Oga. "Ku za ku zama ƙafafun shi."

Kwana uku Ladan ya yi yana ɗaukar yashi, a na huɗu ya ce wannan ba da shi ba. Ya je wurin mata masu sussukar gero, ya cika buhu da ƙaiƙayi, ya danna shi sosai, ya barbaɗa yashi a baki ya ɗinke. Ya ɓoye shi bayan tankin ruwa. Daga ranar, kullum shi ke fara zuwa ɗaukar buhu, kuma duk cikinsu ba wanda ya kai shi nishi. Sai Oga ya riƙa cewa, "Ku dubi Ladan! Shi ya fi kowa nishi, shi ya fi kowa sauri." Ladan kuwa ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar yabo.

Haka aka yi wata uku.

Da kaka ta yi, aka ce su fita zagayen wayar da kan jama'a. Suka fara da Shinkafi ranar kasuwa. Sanusi direba ya kunna jiniya tun daga bakin gari, kafin su tsaya mutane sun cika fili. Oga ya hau bayan mota da lasifika. Ya yi magana kan masu ajiye jarkar fetur a ɗakin kwana, da masu barin fitila kusa da gidan sauro. Ya sa aka ɗora kasko da man gyaɗa har ya kama da wuta, ya watsa masa ruwa kofi ɗaya, wutar ta yi tsalle sama da tsawon mutum, mata suka watse suna salati. Sannan ya jiƙa buhu ya rufe kaskon, wuta ta mutu nan take.

Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, Inna Asibi, ta ce, "To ɗan nan, man da kuka ƙone hwa? Da kun ba ni, ai da baki na hwaɗa maku wannan."

Aka yi dariya, har da Oga.

"Saura abu guda," ya ce. "Yadda aka ɗauko wanda ya suma cikin hayaƙi. Ladan, shiga cikin jama'a ka zaɓo mani mutum guda, kowane ne."

Nan shaiɗan ya raɗa wa Ladan magana. Ya ga wata uku Oga na sa mutane hawa tsani, shi kuwa yana ƙasa da usur a baki. Yau za a gani. Bai ko dubi samarin da ke ɗaga hannu ba, ya miƙe sai layin mahauta, wurin Haladu Tozo.

Duk ƙasar Shinkafi ba wanda bai san Haladu ba. Shi kaɗai ke kayar da bijimi in ya ƙi kwanciya. In zai shiga mota mazaunin mutum biyu ake bar masa, masu babur kuwa da sun hango shi sai su juya kai kamar ana kiransu a wani wuri.

"Baba Haladu, Oganmu ka son ya goya ka," in ji Ladan.

"Ni? Shi goya ni?" Haladu ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a riga. "Rabona da goyo tun uwata na da rai. Mu tafi."

Da jama'a suka ga wanda Ladan ya taho da shi, sai fili ya ɗauki sowa. Ladan ya tsaya gefe ya haɗe fuska, cikinsa kuwa fal dariya.

Oga ya dubi Haladu daga sama har ƙasa. Ya sauko, ya gaishe shi da hannu biyu, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma. Sannan ya ɗaga lasifika.

"Jama'a, ba a gane malami sai ga ɗalibi nai. In ni na ɗauka, za ku ce ai Oga ne. Ga Ladan nan, ɗanku na Badarawa. Wata uku shina hawan tsani da buhun yashi, ko zufa ban taɓa gani gare shi ba. Shi za ya nuna maku."

Mutanen Badarawa da suka zo cin kasuwa suka hau kirari. Ladan ya sake duban Haladu. Ya matsa kusa da Oga ya ce a hankali, "Yallaɓai, wanga ai ya fi buhu uku."

"Kak ka damu," in ji Oga, shi ma a hankali. "Ka ɗauka ƙaiƙayi ne."

Sai a lokacin Ladan ya gane ashe tun tuni ana kallonsa. Ya waiga wurin Sanusi, Sanusi ya duƙa yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

Ba hanyar gudu. Haladu ya riga ya kwanta ruf da ciki, ya rufe ido, jikinsa na girgiza saboda dariya. Ladan ya cire hular kwano, ya yi bisimilla. Ya zura hannuwa ƙarƙashin hammatarsa ya ja shi ya durƙusar, ya sake ja ya tsayar da shi, yana jin ƙanshin kitse da yaji. Ya kama wuyan hannunsa, ya sunkuya ya cusa kafaɗa a cikinsa.

"Da cinya za ka tashi, ba da baya ba!" Oga ya daka masa tsawa. "Miƙe bayanka! Yanzu!"

Ladan ya yunƙura. Duniya ta yi masa duhu, ta sake yin haske. Abin mamaki, ga shi tsaye, ga Haladu Tozo a kafaɗarsa kamar an rataya sa.

"Har gindin tsamiyar can," in ji Oga.

Taku ashirin ne, amma Ladan ya ga kamar Gusau aka ce ya je. Nishin da yake yi yanzu na gaskiya ne. Wanda aka ce ya suma kuwa sai ya buɗe ido ya shiga gaisawa da mutane.

"Malam Atiku, ina gajiya? Ka iske ni rumfa, akwai hanta. Kai yaro, bi a hankali, yanzu na ci tuwo."

"Baba, ka suma hwa," Ladan ya ce da kyar.

"Awo, na mance."

A taku na goma sha biyar wandon kakin Ladan ya ce ɓarrr daga baya. Bai tsaya ba, don ya san in ya tsaya ba zai sake motsi ba. Ya kai gindin tsamiya, ya durƙusa ya sauke Haladu a hankali yadda aka koya masa, sannan shi ma ya miƙe a ƙasa ya kasa tashi. Sowa ta ɓarke, mata na guɗa.

Haladu ya tashi ya kakkaɓe riga, ya dubi Ladan kwance.

"Oga, wanga kam da gaske ya suma. Bari in gani ko na riƙe karatu."

Ya juya shi, ya zura hannuwa ƙarƙashin hammata, ya durƙusar da shi, ya tsayar, ya saɓa shi kamar ɗan akuya, bai tsallake ko mataki ɗaya ba. Ya ratsa fili da shi har gaban mota, yagaggen wando na kallon jama'a.

Oga ya ce ta lasifika, "Kun gani? Kallo guda ya yi, ya iya. Wa za ya gwada?"

Ranar sai da mahauta tara da 'yan dako goma sha ɗaya suka koyi ɗaukar sumamme, suna saɓar junansu suna faɗuwa. Haladu ya aiko da balangu cike da takarda, ya ce na yaron da ya goya shi ne, kada kowa ya taɓa. Ladan ya ci shi a kwance kan naɗaɗɗen tiyo a bayan mota, Sanusi kuwa bai bar rami ko ɗaya ba daga Shinkafi har Ƙaura.

Mako na gaba suka je Zurmi. Da aka ce Ladan ya zaɓo mutum, sai da ya zagaya kasuwa sau biyu, ya samo wani tela ɗan firit wanda iska ma za ta iya ɗauka. Abin da bai sani ba, telan ba ya jure cakulkuli. Hannu na shiga hammatarsa ya ƙyalƙyale da dariya, ya hau wutsil-wutsil yana harbin iska, suka tafi taga-taga su biyu suka faɗa cikin bahon ruwan da aka tanada don jiƙa buhu.